Takalmin Dama

"Lafiya lau na kwana, amarya. Gaisuwar ce a tsaye, kamar kin zo sammaci?"

"In na durƙusa wa zai tashe ni? Kai da gwiwarka ta yi ritaya?"

Alhaji Bakari ke nan da jikarsa Ruƙayyatu, a gaban gidansu da ke Ƙofar Ran. Kullum haka suke, sai dai ranar dariyar tsohon iya baki ce. Ɗansa Nu'uman ya riga ya yi magana da 'yan gwangwan, gobe za su zo su ja tsohuwar motarsa. Gwiwa ta hana Alhaji taka kuloci, kuma duk gidan an rasa mai iya tuƙa ta, don motar ba ta da silo, da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Nu'uman ya ce in aka sami mai kai ta kasuwar Wunti ya dawo ba turi, ya fasa sayarwa. Ya san ba za a samu ba, shi ya sa ya faɗa.

Ruƙayyatu ta ce ita za ta kai ta. Alhaji ya ce wadda ta koyi tuƙi a atomatik ai ba direba ba ce, fasinja ce aka ba sitiyari. Ta ce shi ma tasa ba mota ba ce, injin markaɗe ne aka sa wa taya. Duk da haka ya miƙa makulli, ya ɗingisa ya shiga gefen mai zaman banza.

Ba su kai babban titi ba wani mai keke ya gitta. Ta taka birki, mota ta yi tari ta mutu.

"Kin kashe min uwargida."

"Tsufa ne ya kashe ta. Sa'arka ce fa."

Sai ya kama bayani. Ƙafar hagu ta kuloci ce kaɗai. Ta dama kuwa aiki biyu gare ta: babban yatsa a kan birki, a karkato dunduniya a ɗan zunguri totur kafin a sauko giya ta biyu. Ta leƙa ƙasa ta ce totur ɗin ma a karkace yake kamar haƙoransa. Ya ce ai shi da kansa ya sa mai walda ya lanƙwasa shi daidai ƙafarsa, tun ubanta yana yawo ba wando.

Ta gwada. Yatsa ya kama birki, dunduniya kuwa tana lilo a iska, ba ta ko kusa da totur. Mota ta sake mutuwa, 'yan teburin mai shayi suka sami abin kallo.

"Wannan ƙafa ce ko cokalin shayi? Da me aka yaye ki?"

"Laifina ne da aka auna mota da ƙafa kamar faranti? Kai da sai an yanka sa ake ɗinka maka takalmi."

Tana faɗa sai ta zuba wa ƙafarsa ido. Ya gane. Ya ce har abada, wannan takalmin sau-cikin na zuwa Juma'a ne. Ta ce to madalla, gobe sai ya sa shi ya raka 'yan gwangwan. Maganar ta shige shi. Ya tuɓe na dama ya miƙa yana ƙunƙuni, ta zura ƙafa, ta cusa tsumman goge gilashi ta bayan dunduniya.

A shataletalen Wunti motoci sun cushe. Ta taka birki, ta zunguri totur, inji ya yi gurnani, giya ta shiga sumul. Alhaji ya juyar da fuska waje. Murna ce ta cika shi har idonsa ya kawo ruwa, amma wa zai nuna wa?

"Takalmin ne ke tuƙi," in ji shi.

"To a wurinka me ya hana shi?"

Da suka dawo, Nu'uman yana ƙofar gida. Ya dubi motar tana diri, ya dubi ubansa ya sauko da takalmi ƙafa ɗaya, ya girgiza kai ya zaro waya don ya sallami 'yan gwangwan.

Ruƙayyatu ta tuɓe takalmin ta miƙa. Tsohon ya fashe da dariya, ya tura mata shi.

"Riƙe, na ba ki, har da makullin."

"Ango marowaci. Kyautar takalmi ƙafa ɗaya? Ɗayan fa?"

"Ɗayan yana ƙafata. Duk inda na dama za shi, sai ki tsaya na hagu ya shiga mota."