Ramata da Na'urar Kashe Wari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara yin baƙi a ɗakina ba, bayan wata biyar ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Urno. Baƙi har shida a rana guda. Ashe ba zumunci ya kawo su ba.

Ɗakin da Alhaji Ibro ya ba ni haya tsohon ɗakin ajiyar albasa ne. An kwashe albasar, amma warinta ya ƙi tashi. Ya shiga katifa, ya shiga riguna, har da littattafan yara da nake gyarawa. In an tashi daga lakwal, wato makaranta, sai in shige in rufe ƙofa, don kunya nake ji in zauna cikin mutane ina wari. Babu mai leƙo ni. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, har na shuka rama a gwangwanaye huɗu a bakin taga daga ciki (a waje awakin Alhaji ba sa barin ko tsinke), don in riƙa tuna kwaɗon da mahaifiyata ke yi mana. Kuma tunda yau ranar tonon asiri ce: ina yi wa ramar nan hira. Har gulmar daraktan makarantarmu nake kai mata.

Ni a tunanina wari ne ya kori mutane. Sai wata ranar kasuwa a Madawa na ga wani mai kayan gwanjo da wata 'yar na'ura kamar rediyo. Ya ce wata iska take fitarwa mai suna ozon, mai cinye kowane irin wari. "Mushe," in ji shi (haka ake kiran malamin makaranta a nan), "can Turai masu noman wiwi cikin ɗaka ma ita suka saye. Balle albasa!" Na yi dariya, na saya. Kwalinta har da hoton ganyen nan mai yatsu, amma ni ko a jikina. Na jefar da shi bayan ɗaki (wayon malamin makaranta ke nan).

Sharaɗinta, ba a zama a ɗaki in tana aiki, don tana sa tari. Saboda haka kullum da la'asar sai in jona ta da batirin sola, in toshe ƙasan ƙofa da tsumma, in kulle, in zauna a waje ina gadi. Tana ta ƙugi a ciki, wani wari kamar na ruwan jabel, mai wanke fararen kaya, yana fitowa. Wanda ya wuce ya gaishe ni sai in amsa a gajarce, idona na kan ƙofa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko na ji sallama. Alhaji Ibro ne, da liman, da darakta, da dattawa biyu, da Inna Hajo mahaifiyar Alhaji a baya tana dogara sanda. Wallahi zuciyata fari tas. Na ce a raina, na'ura ta yi aiki! Na shimfiɗa tabarma, na hau hura gawayin shayi.

Babu wanda ya zauna. Darakta ya zaro kwalin nan daga cikin babbar rigarsa.

"Mushe," in ji Alhaji, "kahin mu kira jandarma, gwada muna abin da kaka nomawa cikin ɗakin ga."

Aikina kawai nake gani yana shirin barina. Ga gwangwanaye jere a taga, ganye mai yatsu kamar na jikin kwali, duk ya yi yaushi don iskar na'urar ta ƙona shi. Liman ya yi salati. Inna Hajo ta ratso su, ta tsinki ganye ɗaya ta tauna.

"Ku dai maza ba ku da ido. Rama ta!" Ta juyo ta dube ni. "Ɗana, mi kaka yi da rama cikin ɗaka?"

Nan ne na kwance wa kaina zane a kasuwa. Maimakon in ce don miya, sai na ji bakina ya ce, "Hira muke yi, Inna." Kuma muryata ta karye, ƙato da ni, a gaban darakta.

Na so su yi dariya. Ba su yi ba, kuma shirun ya fi dariya ciwo. Na daure na yi bayanin warin albasa da yadda na ga ya hana kowa zuwa wurina. Inna Hajo ta kamo hannun rigar Alhaji ta kawo dab da hancina.

"Shinshina. Duk garin ga warin albasa muka yi, har liman. Mu da muka ga kullum ƙoharka ruhe, mun aza ƙyamarmu kaka yi."

Ramar ta mutu, saura gwangwani ɗaya. Na'urar na can ƙarƙashin gado. Washegari na tafi majalisar ƙofar gidan Alhaji da warina da komai, aka matsa mini wuri a tabarma. Har yau Mushe Mai Rama suke kirana, ina amsawa. Abin da na koya shi ne, in ka ga ba a zuwa wurinka, kafin ka ɗora wa albasa laifi, duba tukuna wa ya toshe ƙofar da tsumma.