Bututu Sai Zagaye na Biyu

"Inna, mi ya sa Ranka-ya-daɗe ya ba mu kashin awaki cikin buhu?"

Habi ke nan, ɗiyata mai shekara huɗu, gaban jama'a, ranar da anka raba murhun zamani nan Wurno. Na toshe mata baki, amma ba ta yi ƙarya ba. Makamashin murhun ɓuntun shinkafa ne da anka cura ƙanana da inji. In ka zuba shi bakin turke, akuya da kanta za ta rantse nata ne.

Madalla da Mai Girma Uban Ɗumama Talakawa! Mota goma sha biyu sunka rako murhu talatin. Da na ga kafa bayan nawa, na ce wa wani mai babbar riga, "Alhaji, ina bututun hayaƙin?"

"Hajiya, bututu sai zagaye na biyu."

Mun san zagayen ga. Bara an ba Mode, mijina, bututun ƙarfe na ban-ruwa, anka ce injin sai zagaye na biyu. Albasarmu ta gaji da jira ta bushe. Jiran gawon shanu, ai mu munka gada.

Ran Talata da safe ɗari ya sauko, ga jinjirina Attahiru wata biyu. Kaka, uwar mijina, ta jawo murhun cikin ɗaki, ta kunna shi, ta cusa tsumma ga taga, ta saki labule.

"Kaka, a bar 'yar kafa mana."

"Ke, ɗiya tara na rena da kaskon wuta. Yaushe anka haife ki?"

Na tafi ɗibar ruwa. Da na dawo, yaron da ke tada unguwa da kuka ya yi laƙwas, ya ƙi nono. Kaka na dafe da kai, wai jiri. Ihuna ya kawo Selina, maƙwabciyarmu malamar asibiti.

"Maman Habi, fito da shi! Kaka, ke ma fito, ko in ɗauko ki a baya!"

Ta yi ta fifita shi bakin zaure har ya callara kuka. Wallahi ban taɓa jin kiɗi mai daɗin kukan nan ba. Sai ta kora mu asibiti, tana faɗa: hayaƙin da ido ba ya gani shi ke kisa.

Kashegari na jawo bututun bara daga ƙarƙashin rumbu, na kai wa Lawwali maƙeri. Ya lanƙwasa shi, ya haɗa da murhun, munka huda bango, na liƙe mahaɗar da laka. Sauran na koya da hannuna: kashin awakin ya zan busasshe, a kunna daga sama, a buɗe ƙofar iska yatsa biyu. In wuta ta yi ja tana baƙin hayaƙi, iska take roƙo. Taga kuwa Kaka da kanta ke buɗe ta yanzu, tana cewa dama ita ta faɗa.

Kun gani? Alkawarin bara da na bana sun yi aure, sun haifi murhu guda. Wa ya ce manyanmu ba su da hangen nesa?

Ke da anka ba murhun ga, saurare ni. In babu bututu, bar shi tsakar gida. Kada ki toshe taga, ko wa ya ce. Bututu na iya jiran zagaye na biyu. Numfashin ɗanki ba ya da zagaye na biyu.