Yadda Za Ka Wadata Iyalinka da Ruwan Wanka Mai Zafi a Gida Mai Taya

Idan ka bi matakan nan shida ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari kowa a karafan ɗinka, wato gidan nan mai taya da mota ke ja, zai yi wanka da ruwan zafi har ya gode Allah, ko da a ƙoƙuwar dutse kuka yada zango a tsakiyar sanyi. Ban ce har da kai ba. Ilimin nan a wurin maƙwabcina Marhun na samo shi. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi a Nizwa, da ya yi ritaya ya sayi karafan na hannu, ya ɗaura a bayan motarsa, ya haura dutsen Jabal Shams da matarsa Zuwaina, da 'yarsu Galiya, da yayansa Halfan manomin dabino, da niyyar kwana goma sha biyu.

Mataki na 1: Kada ka faɗi girman hita sai kun isa

Hitar karafan, wato tankin da ke zafafa ruwan wanka, lita goma take ci, kuma sai ta yi rabin awa kafin ta sake zafi. Wannan sirri ne tsakaninka da wanda ya sayar maka. Idan iyali suka tambaya, ka daki bangon banɗakin da tafin hannu ka ce, "Otal ke nan."

Haka Marhun ya yi. Ya daɗe yana yi wa Zuwaina alkawari cewa ranar da ya ajiye alli zai kai ta inda za ta buɗe ƙofa ta ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarta. Tambaya ɗaya ta yi masa, ko akwai ruwan zafi. Ya ce sai ta gaji. Safiyar Lahadi Galiya ta shiga, bayan minti huɗu ta fito jikinta na tururi, tana sa wa mahaifinta albarka. Zuwaina ta shiga bayanta, ta fito a minti ɗaya. Ba ta sa wa kowa albarka ba.

Mataki na 2: Ka kushe abin da ba ka da shi

Mai hikima ba ya cewa ruwa ya ƙare, cewa yake ruwan zafi yana kashe jiki. Ka zaɓi lokacin karin kumallo, lokacin da baki ke cike da dabino, babu mai iya musu.

Ranar Litinin Marhun ya zuba wa kowa gahawa, ya shiga bayani. Ya ce ruwan sanyi yana tsinka jini, yana buɗe ƙwaƙwalwa, kakanninsu ma a magudanar gona suke wanka rani da damina, kuma suka kai casa'in da haƙoransu. Halfan ya saurara har ƙarshe, ya tofar da ƙwallon dabino a tafinsa.

"Gaskiya ka faɗa, Marhun. To, malami shi ke fara yin misali a allo."

Idan haka ta same ka, ka zaɓi waƙa mai dogon amshi, domin kukanka ya samu wurin ɓuya. Marhun ya shiga banɗaki, ya saki ruwan sanyi, ya rera baiti biyu da muryar da babu wanda ya san yana da ita. Ya fito leɓensa shuɗi, kofin gahawa na rawa a hannunsa har ya ɓata masa gaban jallabiya. Galiya ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce kuzari ne ya yi masa yawa.

Mataki na 3: Ka kafa doka, ka tsaya a ƙofa da agogo

Lita goma a raba huɗu, biyu da rabi ke nan. A jiƙa jiki, a rufe famfo, a saɓa sabulu, a ɗauraye. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, ka manna a ƙofar banɗaki.

Sai dai lissafi bai san gashin mace ba. Ranar Talata kan Zuwaina na cike da kumfa ruwan ya juya mata baya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira shi a hankali ta bayan ƙofa, irin kiran da ya fi tsoro a shekara talatin da huɗu na aurensu.

"Baban Galiya."

"Na'am. Saura miki daƙiƙa arba'in."

"Yau Talata. Idan Juma'a ta zo ban wanke kaina da ruwan zafi ba, ka sauke ni gida. Kai da otal ɗinka ku ƙarasa hutun."

Ya san ba ta maimaita magana. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, tun daga ranar ta daina fitowa kallon gajimare. Tana zaune a ciki, lulluɓe da bargo biyu, tana kallon hanyar da suka hauro.

Mataki na 4: Ka ɗauki rana aiki

Rana ba ta karɓar lada. Ka samu baƙin tiyo mai tsawo, ka cika shi da ruwa, ka toshe bakinsa, ka naɗe shi a kan falalen dutse tun da hantsi.

Marhun ya sauka har garin Hamra ya sayo tiyon. Zuwa azahar ɗin Laraba ya taɓa ruwan da yatsa, sai da ya janye hannu. Ya ruga ya kira Zuwaina ta zo ta shaida. Kai kada ka ruga ko'ina, ka tsaya a wurin da sanda, domin awakin dutse ba su san kayan kowa ba. Kafin su dawo, awaki bakwai sun mayar da tiyo guntu biyar, wani tsohon bunsuru kuma yana tsaye a cikin ruwan ɗumin da ya taru a kwarin dutse, ido a lumshe. Halfan ya ce alhamdu lillahi, aƙalla dai wani a zangon nan ya yi wankan zafi. Zuwaina ta yi dariyar da ba ta yi niyya ba, ta tuna tana fushi, ta koma ciki.

Mataki na 5: Ka kama ɓarawon ruwa, sannan ka san abin da za ka yi da shi

A kowane karafan akwai mai shan ruwan zafi a ɓoye. Marhun ya lura hitar da yake kunnawa bayan sallar asuba ba ta kaiwa ƙarfe bakwai a cike, kullum rabi ya tafi. Safiyar Alhamis ya ce zai taka ya miƙe ƙafa, sai ya zagayo ta bayan karafan, da jawabinsa a shirye.

Ya tarar da Halfan zaune a kan dutse, ƙafafu biyu a cikin roba mai tururi, yana matsa gwiwoyinsa da tsumma. Sun kumbura kamar ƙwarya. Mutumin da ke hawa dogon dabino ba igiya, ga shi yana cije leɓe don kada a ji nishinsa.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun bara. Sanyin nan ne ya tone shi. Kada ka gaya musu, za su ce a sauka saboda ni, kai kuwa ka daɗe kana jiran dutsen nan."

Marhun ya haɗiye jawabinsa. Ya shiga ciki, ya tatso sauran ruwan hitar a buta, ya zo ya ƙara masa. Ka riƙe wannan: idan ɓarawon ya girme ka, abin da ake tambayarsa shi ne ko ruwan ya yi masa zafi daidai.

Mataki na 6: Ka zama hitar da kanka

Da gari ya waye ranar Juma'a, Marhun ya ajiye girman kai, ya je zangon da ke kusa, wurin wasu mutanen garin Sur da ke dafa shinkafar mutum talatin, ya ari tukunyar da rago ke shiga ya miƙe ƙafa. Mai tukunyar ya yarda, da sharaɗin a riƙa kai wa tsohuwarsa bokiti biyu. Marhun ya jera duwatsu uku, ya hura itace, hayaƙi ya sa shi hawaye, wuta ta lashe masa rabin gira. Ya cika robar Halfan tukuna ya kai masa bayan karafan. Sannan ya fara jigila zuwa ƙofar banɗaki, Galiya tana miƙa wa uwarta.

Zuwaina ta zauna a kan 'yar kujera da bokiti da moɗa, yadda suke yi a gidan mahaifiyarta a Bahla. Bokiti uku ta yi, babu mai duba agogo. Da ta fito, ta wuce su duka, ta je bakin kwazazzabo ta zauna a rana tana taje kanta, gajimare na yawo can ƙasa.

"Baban Galiya, matso nan," in ji ta. "Warin hayaƙi kake yi."

Ya matsa. Can ta ce gobe ma kamar wannan lokaci, amma ya ɗan ƙara zafi.

Haka ya yi sauran kwana shida yana tashi gaban kowa, yana hura wuta. Rabonsa shi ne gindin tukunya, ruwa mai ɗan ɗumi da toka a ciki, kuma ya rantse mini bai taɓa jin daɗin wanka kamarsa ba. A hanyarsu ta saukowa ya ji Zuwaina a waya tana gaya wa 'yan'uwanta mata cewa wanda bai yi wanka da ruwan itace a kan dutse ba bai san wanka ba. Su biyar ne. Duk sun ce baɗi da su za a hau.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a ciwon baya, ko tsagewar tafin hannu, ko dangin mata da za su ji labari su haɗa jaka. Nasararka taka ce, abin da ta haifa ma naka ne. Mai ƙorafi ya nemi Marhun a bayan gidansa bayan la'asar, inda ya fara faskaren baɗi tun yanzu. Mai zuwa ya taho da gatarinsa.