Lamba Shida da Sunan Ɗiyar Fari

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba: ɗirrr, ɗirrr, cikin kwanon silba da ke bisa kantar ɗaki. Ina tsintar shinkafa, hantsi ya ɗaga, Lami ɗiyata ta fari tana gefena tana taya ni. Na leƙa kwanon, sai ga ƙaramar salular maigidan. Ya manta ta.

Bari in gaya muku mece ce salular nan. Maigidan ma'aikacin kwamfuta ne. A ɗakin zaurenmu na Dutsi akwai wasu ƴan akwatuna uku, kowanne bai fi sabulun wanki ba, an jera su da wayoyi. Ya ce tare suke aiki, in ɗaya ya gaji biyun su ɗauki kayansa. Su ke ɗauko sunayen uwaye daga littafin likitocin ƙauye, su aika wa kowace saƙo cewa gobe ranar rigakafin ɗanta ce. (Ni dai aikina share musu ƙura da yi musu addu'a.) Da wani ya taɓa gwada kutsawa ciki, sai ya sa musu kuba biyu: kalma ɗaya tana cikin kansa, lamba shida kuma tana zuwa a ƙaramar salular nan duk lokacin da zai shiga. Ranar ya zaunar da ni ya ce, "Sirrin mata da yaransu ne a ciki. Ko wa ya kira, ko ya ce ni ne, kada ki karanta masa."

Na riƙe maganar nan kamar karatun allo.

To ran nan ya yi sammako zuwa Geceme, ruwa ya dake shi bisa babur. Lamba ta shigo ƙaramar salula, ba a jima ba tawa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Wata murya a shaƙe, kamar ta tsohon rago, ta ce, "Ni ne. Salulata ta sha ruwa. Karanto mini lambar nan maza, saƙon gobe bai tafi ba."

Na ce a raina, yau ga ranar da aka gaya mini ta zo. Na gyara zama, na ce, "Kai ne wa?"

"Haba, ni ne mana."

"In kai ne, faɗi sunan ɗiyarmu ta fari. Na yanka."

Shiru. Sai ɗan tari. Sai kuma shiru.

Ai kuwa na samu abin da nake nema! Na miƙe tsaye da faifai a hannu, na fara. Na ce bawan Allah ka ji tsoron Allah. Na ce mijina mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ko muryarsa ba irin wannan ta kwaɗo ba ce. Na tuna masa kabari. Na tambaye shi ko uwarsa ta san sana'ar da yake yi. (Wannan ita ce har yau in na tuna nake rufe fuska.) Daga ƙarshe tausayinsa ya kama ni, na ce in yunwa ce ta kai shi ga haka ya zo Dutsi, ba za mu hana shi tuwo ba. Na kashe, ina jin kaina kamar soja.

Lami tana kallona, ta buɗe baki. Na ce, "Yi shiru, wannan maganar manya ce."

Minti biyu ba a yi ba, sai ga kiran bidiyo daga Rahila, unguwarzomar likitan Geceme, wadda muka zauna benci ɗaya a kolej. Ta kasa magana don dariya. Ta juya salular: ga maigidan a jiƙe, da mayafin wani a wuya. Ga majo, babban malamin asibitin, wanda da salularsa aka kira ni. Ga mata sun kai ashirin da goyo bisa benci. Ga kuma Baffa, yayan mahaifin maigidan, ya zo awon jini, ya dogara da sanda yana girgiza kai. Salular majo ba ta jin magana sai an buɗe murya. Kowa ya ji, har tuwon.

Rahila ta ce, "Ke ƙawa, a gaban Baffa kike so ya kama sunan ɗiyar fari? Sunan mahaifiyar mijinki ne fa, Allah ya ji ƙanta!"

Shekara tara muna tare da yarinyar nan, bai taɓa faɗin sunan ba, ni ma haka. Duk tambayoyin duniya, ita na zaɓa.

Wata lambar ta shigo, na karanta da muryar da ni kaina ban ji ba. Kafin azahar saƙo ya isa Dumega da Dogon Kiriya, washegari mata suka fito da yaransu.

Da ya dawo da la'asar na kasa haɗa ido da shi. Na kawo ruwan zafi da citta na aje, na juya. Ya ce, "Zo mana. Kin riƙe ƙofa, haka na ce ki yi." Ya kurɓa, ya ƙara da cewa, "Tuwon da aka yi wa ɓarawo alkawari fa?"

Abin da na koya: in za ki gwada mutum, kada ki tambaye shi abin da kunya ba za ta bari ya faɗa ba. Kuma kafin ki fara wa'azi, ki tambaya mutum nawa ke saurare.

Muna wanke kwanoni na ce wa Lami me ta so faɗa ɗazu. Ta ce, "Ni tun farko na gane shi, Inna. Da kika ce ya faɗi sunana ai ya yi shiru. Shirun Baba ne, na san shi."