Farantin Solana Ya San Hanyar Gida

Jama'a, jiya na zaga Yawunde da farantin sola a ka, kamar mai tallan ƙofa. Shekara shida yana kan rufina a unguwar Birikitari, sai iska ta jefo shi tsakar gida, gilashin ya tsage. Jikata Salwa ta taka ɓarɓashin, ƙafa ta yi jini. Uwargida Zuhura ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, an ce har da dalma a cikinsa, ga rijiya kusa. Ko shi ko ni a gidan nan."

Na tsorata, wallahi, don Zuhura ba ta maimaita magana.

Masu motar shara suka ce wannan ba shara ba ce, guba ce. Mai tasi ya ce shi mutane yake ɗauka. To, sai na tuna bara Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa lafiya, ya yanka ƙyalle ya buɗe mana wurin karɓar mataccen kayan sola. Na taka da ƙafa.

Madalla da aiki! Akwatin zuba kayan kore ne shar, ga hoton Mai Girma yana murmushi. Bakin akwatin kuwa, batirin rediyo ma sai an lallaɓa.

Na tambayi maigadi, "Ɗan'uwa, ta ina zai shiga?"

"Baba, babban akwatin yana cikin dosiye, wato har yanzu a takarda yake. Jingine shi nan, za a sake sarrafa shi."

Na jingine, na yi godiya, na tsaya masallaci na yi la'asar da zuciya wasai.

Ina shigowa layinmu, sai ga maƙwabcina Tahiru mahauci ya baza kilishi a kan wani baƙin faranti. Tsagar nan na san ta kamar tafin hannuna.

"Tahiru, ina ka samo wannan?"

"Wani maigadi ya kawo yanzu a kan babur. Malam, ka ga yadda yake riƙe zafi? Ya fi asabari!"

Masu cewa manya ba sa aiki su ji kunya. Awa biyu kacal, an karɓa, an sarrafa, an dawo wa talaka da abinsa.

Kafin in buɗe baki hadari ya haɗo. Tahiru ya kwashe namansa, ya kinkimo farantin ya nufi ƙofata.

"Malam, wurina ba fili. A ajiye mini a tsakar gidanka zuwa gobe."

Zuhura na tsaye a zaure tana kallonmu. Ta juya, ta shiga ɗauko mayafinta.