Jakadan Japan a Gonar Huseina

Duk ƙauyen da Allah ya so da rahama, yakan ba shi mutum guda da zai fitar da shi kunya a idon duniya. Mu a ƙauyenmu, can bayan Gezawa, Abdussalam aka ba mu. Mun gode.

Abdussalam mai shagon cajin waya ne, amma kada ka kuskura ka kira shi haka. Jakadan Japan ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa, tunda bai ga wanda ya isa ya raɗa masa ba. Saninsa da ƙasar Japan ba na wasa ba ne. Ya taɓa cin rani yana wankin mota a wani gareji a birni, kuma yawancin motocin daga can aka ƙero su. Tun da ya dawo ya daina gaisuwa irin tamu. Sai ya haɗe ƙafafu, ya manna hannuwa a cinya, ya sunkuya kamar mai neman allura a cikin yashi.

Kowa ya san halin da ake ciki bana. Taki ya gagara, maganin ciyawa ya gagara, 'yan ƙwadago kuwa sai mai hali. Dole aka koma wa gayya, wadda aka daɗe da watsarwa. Da layi ya zo kan Huseina, wadda mijinta ya rasu bara ya bar mata yara da gonar gero, mai unguwa Dallatu ya sa rana. Baiwar Allah ta share gindin rumbunta, ta daka fura, ta tanadi tuwon 'yan gayya. Yini ɗaya ne nata, washegari gonar wani za a shiga. In ba a nome ta ranar ba, ciyawa ta cinye geron, shi ke nan kuma abincin shekara.

Ana cikin wannan shiri sai Jakada ya tara mutane a bakin shago, ya sanar da su cewa wata mawaƙiya 'yar Japan ta saki sabuwar waƙa. Sunanta dai kullum ya faɗa daban yake fitowa, don haka ba wanda ya riƙe. Ya bayyana wa jahilai irinmu cewa waƙa ɗaya tak ta saki, domin manyan mawaƙa ba sa zube waƙoƙi kamar tumatir ranar kasuwa.

"Ku tambayi kanku," in ji shi, "me ya sa mutumin Japan yake ƙera mota, ku kuna nan kuna ƙera fartanya? Kiɗa ne. Su da kiɗa mai tsari suka tashi. Ku kuwa tun zamanin kakanni fatar akuya ake buga muku. Ku bar mini gonar nan da waƙar nan, kafin azahar mun gama mun faɗa ta maƙwabta."

Samari suka amince. Ba hujjar ce ta kama su ba, wayar kowa a shagonsa take kwana. Balarabe makaɗi kuwa, da ya ji an kira gangarsa fatar akuya, ya rataya abarsa ya tafi biki wani gari. Huseina abu ɗaya ta tambaya: ko yarinyar ta san sunayen mazan garin nan? Don Balarabe kowa da kirarinsa yake kiransa, har da sunan kakansa. Jakada ya yi murmushin tausayi, ya ce a Japan ba sai an wasa mutum yake aiki ba.

Ranar gayya ya iso da lasifika da batir a cikin baro, ya ɗaure goshi da farin ƙyalle. Fartanya kam bai zo da ita ba. Ina ka taɓa ganin jakada da fartanya?

Noman gayya dai da kiɗa yake tafiya. Maza su jeru, kowa da kunyarsa, ganga ta sauka fartanya ta sauka. Aka jeru, aka sunkuya, Jakada ya danna.

Sai fiyano ta fara ɗiga ɗaya bayan ɗaya, kamar rufin ɗaki mai yoyo. Wata siririyar murya ta biyo baya tana lallaɓawa. Maza suka tsaya a duƙe, fartanyu a sama, ana jiran inda za a sara. Bayan dattijai ya fara ƙagewa. Kwatsam sai ganguna suka ɓarke kamar keken ɗinki a jajibirin salla, jita ta kwarma ihu. Samarinmu kuwa ba sa yarda a ce wata yarinya ta fi su sauri. Suka rufa wa gona da sara, ba ruwansu da wanne ne gero wanne ne ciyawa. Ana tsakiyar haka waƙa ta ɗauke ɗif, mawaƙiya ta koma raɗa. Na gaba suka ƙame, na baya suka hau kansu. Kafin a tashi ta sake ɓarkewa, wannan karon muryar ta ƙara hawa sama, saurin ya ninka.

Da ta ƙare aka yi ajiyar zuciya. Sai fiyano ta sake fara ɗiga. Ai waƙa ɗaya tak aka saki.

Tun hantsi dattijai suka yar da fartanyu, suka koma gindin ɗorawa. Tuwo dai an cinye shi tas, wannan ɓangaren na gayya bai samu matsala ba. Jakada ya zagaya gona, hannu a baya, ya yanke hukunci: waƙa ba ta yi kuskure ba, ƙafafun mutanen garin ne ba su waye ba.

Huseina ta daɗe tana kallon gonarta. Can ta ce, "Malam Abdussalam, ciyawar dai ga ta nan a tsaye, na gan ta. Geron nawa fa?"

Ya fara bayanin yadda ake noman shinkafa a Japan. Mai unguwa ya katse shi. Ya ce za a je a ba Balarabe haƙuri a sake gayya, tuwon kuma daga gidan Jakada zai fito. Geron da ya tsira kuwa amana ce a wuyan Jakada har ya shiga rumbu, in zangarniya ɗaya ta salwanta shi za a tambaya.

Allah da ikonsa, abin da ya tsira ya yi kyau, ya fitar da kai. Sai tsuntsaye jan-baki suka sauko masa gari guda. Yanzu haka in ka bi ta gonar da sassafe za ka ga wata 'yar rumfa a tsakiya, Jakada a kai da lasifikarsa da farin ƙyallensa. Ofishin jakadanci yake kiran wurin. Jiya ma ya tare mu a hanyar rijiya yana shaida mana cewa a ƙarshe waƙar ta samu masu sauraro, dubbai ne suke zuwa kowace safiya.

Bai yi ƙarya ba. Dubbai suke zuwa. Yana dannawa kuma ko ɗaya ba ya saura.