Gwanin Giyar da Bai Taɓa Kurɓa Ba

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, zamanin da ake gina dam ɗin Bakolori. Lokacin ina saurayi, ina akawun sito a wurin Turawan da ke aikin. Na sayi agogo da wando mai faɗin ƙafa, ina jin Talata Mafara ta yi mini kaɗan.

A bayan gidajen ma'aikata akwai wani kulob inda direbobi da masu walda ke taruwa in an tashi aiki, su sha giya su yi ta shaƙiyanci. Ni a idona nan ne wayewa ta tare. Matsalar ɗaya ce: ni ɗan malamai ne, ko ƙanshin abin ba na so, kuma ina tsoron Allah daidai gwargwado. Amma ina son a ce ni ma ɗan gari ne. Sai na ja Sande, mai sayar da abin sha, gefe muka ƙulla. In na shigo ya zuba mini lemon malti a kofi daga bayan kanta, ya kawo da kumfarsa. Na shaida wa jama'a ni baƙar giya kawai nake sha, ta manya, farar nan ta yara ce. (Ka ji fa. Mutumin da ko tsamin fura ya yi yawa sai ya kwana yana riƙe ciki.)

Shugaban teburinmu Danladi ne, direban tifa, Badakkare daga Zuru. Da yake akwai wasa tsakaninsu da mu Zamfarawa, ba ya ɗaga mini ƙafa. Kullum zancensa shi ne da Turawa za su cika dam ɗin nan da giya, shi zai yi gadinsa kyauta har ya mutu, kuma ba Bazamfaren da zai bari ya yi noman rani da ko cokali guda. In wani ya yi tangaɗi ya ce ba laifin kwalba ba ne, ƙasar Mafara ce ba a daidaita ta ba, a kira gireda.

Ni kuma nawa fannin ilmi ne. Duk abin da na tsinta a bakin Turawa a sito, da yamma sai in juye shi a tebur kamar gadon gidanmu. Ni ne mai bayanin cewa da sha'ir ake yin ta, ba da dawa ba irin burkutu. Ni ne mai faɗin dalilin da ya sa kwalbar take da duhu, wai don kada rana ta ɓata ta. Har gyara wa mutane riƙon kofi nake yi, in ce a karkata shi, kumfa kada ta wuce yatsa biyu. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna sha, ni nake koya wa! Su kuwa su gyaɗa kai, su ce sai Furofesa. Ina jin daɗi har kunnena.

To, a lokacin ina neman Hauwa'u, 'yar wani malami a Maradun, kuma da gaske nake sonta. Magana ta yi nisa, saura manya su sa rana. Ashe labari ya riga ni isa can, cewa yaron nan an gan shi a kulob. Mahaifinta bai yi gaggawa ba, sai ya ɗora wa ƙanensa, Baba Labbo, ya bincika. Baba Labbo dattijo ne mai kawo wa kicin ɗin ma'aikata albasa, don haka ba mai hana shi shiga ko'ina.

Ranar, bayan La'asar, rana ma ba ta yi sanyi ba, Danladi ya tsokano ni, wai su wa suka fara yin giya a duniya. Na miƙe tsaye, kofi a hannu. Na ce mutanen Fir'auna ne, har da ita ake biyan leburorin da suka gina dalar Masar. Na ƙara da cewa ni da na ɗanɗana sau ɗaya zan faɗa maka garin da aka yi ta. Ina cikin zuba na lura ba mai dariya, kowa ya kafa ido a bayana. Na waiwaya. Baba Labbo ne, buhun albasa a gefen ƙafarsa, ya harɗe hannu. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na durƙusa da kofin a hannuna ina ina-wuni, ina-gajiya, kumfa tana zuba a kan wandon nan nawa.

Danladi, da ya gane ko wane ne, sai tausayi ya kama shi. Ya karɓe kofin ya miƙa wa tsohon.

"Baba, sansana ka ji. Malti ne, ko jinjiri ya sha sai dai ya yi ƙiba. Yaron nan bai taɓa kurɓar giya ba. Tun ranar farko Sande ya gaya mana, muka bar shi don yana ba mu dariya."

Teburin ya fashe. Har Sande ya dafa kanta yana share hawaye. Wato duk watannin nan ni ne nishaɗin da suke haɗawa da giyarsu. Kuma ka san abin da ya fito daga bakina? Maimakon in ce alhamdulillahi an wanke ni, sai na ji na ce, "Wa ya ce ban taɓa ba?" (Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.)

Baba Labbo ya sansana kofin, ya ajiye a hankali. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, da na iske ka kana sha, da na koma na ce a yi maka addu'a, mashayi yana tuba. Amma wanda ka aron zunubin da bai yi ba don a tafa mai, wanga ban san maganinai ba."

Ya saɓa buhunsa ya wuce kicin.

Ba a sa ranar ba. Hauwa'u ta auri wani manomin shinkafa a Bakura, mutumin da bai san kumfa yatsa nawa take ba, kuma ga shi nan lafiya lau da jikokinsu. Kulob kuwa ban sake taka shi ba, don ko a hanya tifar Danladi ta wuce ni sai ya danna oda ya leƙo ya ce a gaida Furofesan malti. A gari ni mashayi, a wurin mashaya ni abin dariya, ba tsuntsu ba tarko.

Tun daga ranar, in ana hirar abin da ban sani ba, nakan kama bakina in riƙe kofin shayina yadda na ga dama. In kuma na ji wani yaro yana cika baki da laifin da ko hanyarsa bai sani ba, nakan ce masa ya dai waiwaya tukuna, ya ga wa ke tsaye a bayansa.